Bangon da Mahaifina Ya Zana a Kusfa

Tun da na dawo daga Zariya ba a bar ni na sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Duk wanda ya zauna a bencin ƙofar shagona sai ya ce, "Habu, yaya Zariya? An ce har kama ka aka yi." Na ba da labarin gutsure-gutsure har bakina ya gaji, kuma na lura kowa in ya tashi sai ya ƙara masa gishiri. Shekaranjiya na ji wani yana rantsuwa wai kwana uku na yi a ɗaure. To, ga shi na rubuta daga farko har ƙarshe. Wanda ya sake tambayata sai in miƙa masa takarda in ci gaba da ɗinkina.

Ga wanda bai san ni ba, ni tela ne a Birnin Damagaram. Hoto sha'awa ce kawai. Ina da wata tsohuwar kyamara da na saya a gwanjo, ina ɗaukar raguna da angwaye da tsofaffin ƙofofi, kuma ba wanda ya taɓa cewa na iya sai ni kaina.

Mahaifina magini ne, irin masu yi wa bango ado da ɗanyar ƙasa. Sunansa Mamman. Ya tafi cin rani Inna tana ɗauke da cikina, bayan shekara biyu aka aiko cewa zazzaɓi ya kashe shi a Zariya. Babu hotonsa, ban san kabarinsa ba, gidajen da ya yi wa ado a garinmu kuwa wasu sun zube, wasu an shafe su da siminti. Inna ba ta maganarsa. In na tambaye ta sai ta tuna akwai tukunya a wuta. Har na kai shekara arba'in da biyar ban taɓa ganin abu ɗaya da hannunsa ya taɓa ba, kuma abin yana cina fiye da yadda nake nunawa.

Ran wata Talata, tsakiyar damina, Malam Yahuza ya kira ni. Ɗan unguwarmu ne da ya daɗe da zama a Tukur-Tukur yana sayar da kanwa da dabino. Ya ce ya ji wasu leburori a rumfarsa suna zancen wani tsohon ɗaki a Kusfa, cikin ganuwa, da za su rushe ran Asabar, wai aikin wani Mamman Badamagare ne. "In kana son ganinsa ka taso," in ji shi, "bayan Asabar sai dai ka ga tarin ƙasa."

Na tarar da Inna tana tsince wake, na gaya mata. Ba ta ɗago kai ba. Can ta ce, "Ka tafi da laima. An ce ruwansu ba irin namu ba ne."

Ran Alhamis da sassafe na hau mota zuwa Matamaye, daga nan zuwa Ɗan Barto. A kan iyaka wani jami'i ya zazzage jakata, ya ci karo da kyamara, ya ce in kunna. Na san ba a son irin wannan abin a wurin. Ya yi ta dannawa fuska a murtuke, har ya kai kan wani farin rago mai layu a wuya da na ɗauka a kasuwar dabbobi. Nan ya tsaya. Ya tambayi shekarun ragon, ya tambayi abin da ake ba shi, ya kira abokin aikinsa ya nuna masa. Direbanmu yana ta danna oda, fasinjoji suna hararata, ni kuwa ina tsaye ina ba da tarihin ragon da ba nawa ba. Da ƙyar ya sallame ni.

Daga Kwangwalam zuwa Daura, daga Daura zuwa Kano, ba abin da ya faru sai ciwon gwiwa, don mutum huɗu aka jera mu a kujerar mutum uku. A motar Zariya na zauna kusa da wani dattijo mai sayar da yadi. Ya ga igiyar kyamara a wuyana, ya ce, "Malam, in ka shiga birni ka sa ta a jaka. Yanzu mutane a tsorace suke, ba a son ganin baƙo yana ɗaukar gidaje." Na yi masa godiya, a zuciyata kuwa na ce ni da ko kaza ba ta tsorona.

Mun isa ana kiran magariba. Malam Yahuza ya sauke ni a ɗakin da yake ajiyar kaya, tsakanin buhunan kanwa. Matarsa Bazazzagiya ce, ta aiko da fate, wato tsakin masara da yakuwa da gyaɗa, ruwa-ruwa, ana sha da cokali. Mu a Damagaram abin da ake sha fura ce ko kunu, in an ce abincin dare kuwa abin da hannu zai yanka ake nufi. Na shanye tas, na wanke hannu, na zauna jiran tuwo. Malam Yahuza ya dube ni ya yi dariya ya ce, "Ai ka gama cin abinci." Da safe kuma aka kawo shayi da burodinsu mai zaƙi, mai laushi kamar cikin matashi. Sauron Zariya ba zan ce komai a kansa ba, sai dai in ce ya fi namu ƙoshi.

Ran Juma'a Malam Yahuza ya ce in jira shi ya buɗe rumfa ya sallami mutanen safe, sannan mu shiga birni tare mu nemi gidan, don shi ma unguwar kawai ya sani. Ni kuwa waɗanda suka san ni sun san jira ba halina ba ne. Yana ba da baya na rataya kyamara na hau babur na ce a kai ni Kusfa.

Lungunan suna kama da namu na Birni, sai dai ko'ina a jiƙe yake, ga indararo dogaye sun leƙo daga saman soraye. Gidajen ƙasa sun ragu, amma nan da can akwai zaure mai ado a goshi. Duk wanda na gani sai zuciyata ta ce ƙila wannan ma hannunsa ne. Na ɗauki na farko, na ɗauki na biyu, har na kai wajen tara. Na ƙarshen akwai wata sabuwar mota a ƙofarsa. Ban ma lura da ita ba, adon da ke samanta nake kallo. Ina cikin daidaita hoton na ji hannu a kafaɗata.

"Malam, wa ya aiko ka?"

Na juya na ga mutum uku. Kafin in gama sallama sun zama goma. Wani ya zare kyamarar daga wuyana, ta shiga zagaya hannuwa. Suna dannawa suna ganin ƙofa, ƙofa, ƙofa, sai ga mota har da lambarta ɓaro-ɓaro.

"Infoma ne," in ji wani daga baya. "Haka suke yi. Su ɗauki gidan mutum su kai wa ɓarayin daji."

Na ciro katin shaidata, ba wanda ya iya karanta Faransancin da ke kai. Na buɗe baki in yi bayani, Hausata ta ƙara tona cewa ni ba ɗan ƙasar ba ne. Wani ya ce a kai ni wurin mai unguwa, wani ya ce a fara fasa abin tukuna, ya ɗaga kyamarar sama. Wallahi ba dukan na ji tsoro ba a lokacin. Abin da ya tsinka mini zuciya shi ne in zo har nan, saura kwana ɗaya, in rasa abin ɗaukar hoton.

Allah ya jefo wani tsoho riƙe da buta, suna kiransa Baba Tanimu. Bai ɗaga murya ba. Ya ce a ba shi kyamarar, a shigar da ni zaurensa, wanda ke da tambaya ya shigo ya zauna ya yi ta a zaune. Ya bar ni na kira Malam Yahuza, wanda ya iso a kan babur yana haki, yana ba su haƙuri yana zagina a lokaci guda. Sannan tsohon ya ce in faɗi abin da ya kawo ni. Da na ambaci sunan mahaifina sai ya ƙura mini ido.

"Mamman Badamagare," ya ce. "Ina cikin waɗanda suka kai shi makwancinsa. Dogo ne kamarka, ba shi da yawan magana."

Na tambaye shi kabarin. Ya ce shekaru sun yi yawa, ba zai iya nuna wurin ba, kada ya yi mini ƙarya. Amma ɗakin ya san shi, gida na huɗu ne daga nasa, kuma shi kaɗai ya rage cikin aikinsa. Mai gidan ya rasu wata biyu da suka wuce. Babban ɗansa, Alhaji Aminu, zai zo daga Kaduna gobe da hantsi don a yi rusau ɗin a gabansa. Kafin a sake ni sai da na goge hotunan ƙofofin nan ɗaya bayan ɗaya a gaban kowa. Ban ga laifinsu ba. Da a ƙofar shagona wani ya yi haka, da ni ma na tambaye shi.

Ran Asabar da hantsi muna zaune a zauren gidan, ni da Malam Yahuza da Baba Tanimu. A waje leburori shida daga ƙauye sun jingine diga da shebur suna jira. Alhaji Aminu ma'aikacin gwamnati ne, mai tabarau da waya biyu. Aka yi gaisuwar rasuwa, aka yi addu'a, aka sake gaisawa. Sau biyu ina buɗe baki in shiga maganata, Malam Yahuza yana mintsinina a cinya. Sai da Baba Tanimu ya ga lokaci ya yi sannan ya gabatar da ni.

Alhaji ya saurara da mutunci, sannan ya ce, "Malam Habu, ka yi haƙuri. Gidan nan ba a shiga. Tun zamanin kakanmu baƙo namiji bai taɓa wuce shigifa ba. Ga shi kuma Hajiya tana takaba, ɗakin nata ne."

Mu ma muna da wannan al'adar, amma a wurinmu in lalura ta kama akan ce mata su shige ɗaki, a bar mutum ya leƙa ya fito. A nan ko maganar ba a ɗauka. Na ce to a bar ni in bi leburori in za su shiga. Ya ce ai su ma ba shiga za su yi ba. Bayan ɗakin yana kallon lungu ne, ta waje za su tura shi. Azarar rufin ta ruɓe, bangon ya tsage, injiniya ya duba ya ce ruwa ɗaya mai ƙarfi zai iya kawo shi ƙasa. An kwashe kayan Hajiya tun jiya zuwa wani ɗakin a cikin gidan. "Amma ba matsala," ya ce, "bari in yi maka sinap da wayata."

Ya shiga ya fito ya miƙo mini wayar. Fari fat. Bango ne kawai shafe da farar ƙasa, ba ka ganin komai. Na ba shi kyamarata na kunna masa fitilarta, ya dawo da fari fat. Na kashe fitilar, ya dawo da baƙi ƙirin. Sau huɗu yana shiga yana fita, fuskarsa tana canzawa, yana duba agogo. A na ƙarshe ya ce, "Malam, na yi iya ƙoƙarina. Mutanen nan tun safe suke jira." Na riƙe kyamarar ina kallon farin nan, na ji idona ya kawo ruwa a gaban mutane.

Sai muka ji murya daga shigifa, ɗakin da ke bin zaure, ta bayan asabarin da ya rufe ƙofar cikin gida.

"Alhaji, ba yanzu ake ganinsa ba."

Hajiya ce. Ashe tun ɗazu tana tsaye tana jinmu. Aka ce in matsa shigifa in gaishe ta. Na durƙusa a gaban asabarin na yi mata gaisuwar rashi, ba na ganin komai sai inuwar ƙafafunta.

"Kai ne ɗan maginin?"

"Ni ne, Hajiya. Ko kin san shi?"

"Ban taɓa ganinsa ba. An kawo ni amarya na tarar da bangon. Amma shekara arba'in da huɗu ina kallonsa. Da rana ba a ganin komai, ɗan nan. Akwai 'yar taga ta yamma. In an sauko daga la'asar rana takan shigo ta gefe, sai zanen ya tashi. Miƙo abin, ka nuna mini inda ake dannawa."

Alhaji ya ce, "Haba Hajiya, la'asar fa kika ce. Injiniya ya ce kada kowa ya ƙara zama a ciki."

"Injiniya ya kwana a ciki?" in ji ta. "Miƙo, ɗan nan."

A nan na yi kuskuren da har yau nake jin kunyarsa. Na ji abin da Alhaji ya faɗa da kunnena, na san rufin ba lafiya, amma son hoton ya rufe mini ido. Na kashe fitilar, na daidaita kyamarar, na tura ta ƙarƙashin asabarin ina cewa, "Maɓallin sama na dama, Hajiya. Ki riƙe da hannu biyu, ki ɗauke numfashi sannan ki danna." Alhaji ya dube ni ya kau da kai.

Aka yi azahar. Aka kawo tuwon masara da miyar kuɓewa, na kasa kai loma uku. Leburori suka fara gunaguni, suna cewa ƙauyensu da nisa, in ba a fara yanzu ba sai dai gobe. Alhaji ya ba su haƙuri ya ce da an yi la'asar za a fara. Ni kuwa ina zaune ina kallon sama ta ƙofar zaure, ina roƙon Allah kada gajimare ya rufe rana.

Muna fitowa daga sallar la'asar muka ga gabas ta yi baƙi. A garinmu hadari yakan yi ta alkawari ya watse. Na Zariya ba ya wasa. Kafin mu kai ƙofar gida iska ta taso tana kwasar ledoji, mata suna kwashe shanya, rana kuma ta shige cikin gajimare. Alhaji ya shiga ciki da sauri. Ba a jima ba muka ji yana buga ƙofa.

"Hajiya, ki buɗe. Hajiya, ruwa zai sauko."

Ashe ta idar da salla ta shige ɗakin ta sa sakata.

Babban leburan ya shigo zaure da gudu ya ce tsagar baya ta ƙara buɗewa, ƙasa tana zuba daga sama, su dai sun janye daga lungun. Maƙwabta suka fara taruwa a ƙofa, na gane fuskar wanda ya ɗaga kyamarata jiya. Alhaji ya fito, tabarau a hannu.

"Malam, ka ga abin da ka jawo? Ta ƙi buɗewa. Wai tana jiran rana. Wace rana a wannan hadarin? Wallahi in wani abu ya sami mahaifiyata, ni da kai ne."

Gaskiya ya faɗa. Ya ce a kawo masa diga ya ɓalle ƙofar. Babban leburan ya ce kada ya kuskura, bugu ɗaya mai ƙarfi zai iya girgiza rufin ya sauko a kanta. Aka yi tsawa, duk muka zabura. Na ji kamar a zare mini rai. Matar da ta yi mini alheri tana zaune ƙarƙashin ruɓaɓɓiyar azara saboda hoton aikin mutumin da ya mutu tun ban yi wayo ba.

Na shiga shigifa ba tare da an ce in shiga ba. Na tsaya a bakin asabarin na ɗaga murya cikin gidan mutane, abin da ko a gidanmu ban taɓa yi ba.

"Hajiya, don girman Allah ki fito. Na fasa. Na yafe hoton, wallahi na yafe. Ki bar kyamarar ma a ciki."

Kuma har zuciyata na yafe. Iska tana ta kuka. Sannan muryarta ta zo daga nesa, ba ko gaggawa a cikinta.

"Ka yi mini shiru, ɗan nan. Ga ta nan tafe."

Na waiga. Ta ƙofar zaure na ga bangon gidan da ke kallonmu ya yi ja-ja. Hadarin ya rufe sama duka, amma can ƙasa ta yamma ya bar 'yar kafa, rana ta leƙo ta ciki. Ba ta daɗe ba. Iyakarta lokacin da zan zura zare a allura sau uku ko huɗu. Kowa ya zuba wa bangon ido. Sai hasken ya ɗauke, manyan ɗigon ruwa suka fara bugun ƙasa, muka ji ƙarar sakata, muka ji Alhaji yana cewa, "Taho, taho, riƙe ni."

Ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Muna tsaye cirko-cirko sai ga faifai an turo ta ƙarƙashin asabarin, kyamarar tana kai, an lulluɓe ta da tsumma mai tsabta. Ban taɓa ta ba tukuna. Alhaji ya fito a jiƙe sharkaf ya zauna a ƙasa. Ba a yi rubu'in sa'a ba muka ji wani nauyi ya faɗi a cikin gida, ƙasa ta motsa a ƙarƙashin ƙafafunmu. Rufin ne ya sauka, ya ja rabin bangon. Baba Tanimu ya yi salati. Alhaji ya dafe kai da hannu biyu, ya daɗe a haka, ni kuwa na zauna inda nake.

Sai da ruwa ya tsagaita na kunna kyamarar. Hoto biyar ta ɗauka. Na farko babban yatsanta ne ya rufe komai. Na biyu rufi. Na uku gefen tabarma. Na huɗu ya girgiza, ba a gane komai. Da na zo na biyar sai na tsaya. Bangon da ya fito fari fat da safe ya cika da zane. Ga dagi babba a tsakiya, igiyoyi sun fito daga jikinsa suna sarƙe juna suna komawa, kowane layi da inuwarsa. Tsagar ta ratsa shi daga gefe zuwa gefe. In ka matso da hoton kana ganin sawun yatsu a cikin ƙasar, inda aka ja ta tana ɗanya. Na sa yatsana a kan gilashin, na yi kuka, ban damu da wanda ke kallo ba.

Na koma bakin asabarin na ba Hajiya haƙuri, na yi mata godiya. Ta ce, "Ba don kai kaɗai na yi ba. Ni ma ina so in riƙa ganinsa. Ka bar wa Alhaji a wayarsa." Alhaji bai ce ya yafe mini ba, ni ma ban nema ba. Ya dai karɓi kyamarar ya daɗe yana kallo, ya ce shi a ɗakin aka haife shi amma bai taɓa tsayawa ya duba ba. Ya raka ni har bakin lungu.

Washegari na kamo hanya. A Kano na tsaya aka wanke mini hoton babba, na sa shi tsakanin kwali biyu na rungume har gida. Kan iyaka ba wanda ya tambaye ni komai a wannan karon.

Na tarar da Inna a tsakar gida bayan la'asar. Na gaishe ta, ta tambayi hanya, ta tambayi Malam Yahuza da iyalinsa, ba ta tambayi abin da ya kai ni ba. Na zare hoton na ajiye a gabanta ina jiran ta tuna da tukunya. Ta dube shi daga inda take. Sannan ta goge hannu a zane ta ɗauka, ta juya shi gefe.

"A kwance ka riƙe shi," ta ce. "Nan ne sama."

Ashe Hajiya a karkace ta riƙe kyamarar, ni kuma duk kwanakin nan a haka nake kallonsa. Inna ta matso da shi kusa da idonta, ta bi layi ɗaya da yatsa tun daga dagin har ƙarshensa.

"Ka ga yadda ya fi zurfi ta wannan gefen? Bahago ne. Da hagu yake aiki." Yatsanta yana kan takardar. "Kai ma da hagu ka fara kama komai. Ni na yi ta bugun hannun har ka daina. Mutane suna cewa tarbiyya nake yi maka. Ba tarbiyya ba ce, ganin ne ba na iyawa."

Ta miƙo hannu ta kama hannuna na hagu, ta juya shi tana duba yatsun ɗaya bayan ɗaya. Wake yana ƙonewa a wuta, dukkanmu muna jin ƙaurinsa, amma ba ta tashi ba.